Shawara: "Na koyar da tsarin mulki, ɗalibata ta ce ƙarya nake yi"

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Na taƙaita ta, na cire sunan makaranta da na mutane.

"Assalamu alaikum Baba. Shekarata biyu da fara koyarwa a ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo. Lissafi na karanta, amma saboda ƙarancin malamai aka haɗa mini da Sibik, wato darasin haƙƙi da wajibin ɗan ƙasa, na aji biyu. Yara 75 ne a ajin, littafi ɗaya ne, shi ma a hannuna yake. Da muka zo kan kundin tsarin mulki na rubuta musu ma'anarsa da Turanci a allo, suka kwafa, suka haddace. Ranar da na ce ba a tsare mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi kotu ba, sai wata yarinya ta ce, 'Malam ƙarya ne, yayana kwanansa tara a caji ofis, sai da Babanmu ya sayar da akuya.' Aji ya fashe da dariya, na rasa ta cewa, na ce ta fito ta durƙusa. Bayan kwana biyu wani uba ya kai ƙarata wurin liman, wai na ce wa yara akwai littafin da ya fi kowace doka, har da ta Allah. Firinsifal kuma ya ce in daina dogon bayani, in ba su not su ci jarrabawa. Zuciyata ba ta kwanta ba Baba, ji nake kamar ƙarya nake koya musu. In roƙa a karɓe darasin ne, ko yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam Malam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da abin ya dame ka. Da yawa a kujerar nan taka da sun cika allo da rubutu, sun karkaɗe alli, sun hau babur sun yi gida.

Mu fara da yarinyar da ka sa durƙuso, don bashinta ne ya fi nauyi a wuyanka. Kalmar "ƙarya" ta yi kauri a bakin yaro zuwa ga babba, wannan gaskiya ne, kuma minti ɗaya a gefen aji ya isa a gyara mata harshe. Amma duba abin da ta yi. A cikin yara 75, ita kaɗai ce ta ɗauki maganarka ta kai ta gidansu ta auna. Sauran kwafa suke yi. Ka hukunta wadda ta fi kowa sauraronka, su kuma 74 ɗin sun tashi da wani karatun da babu shi a manhaja, cewa mai iko in an ƙure shi da tambaya durƙuso yake sawa. Ga shi kuwa darasin da ke hannunka an ƙirƙire shi ne don a hana masu iko yin haka. Ranar da za ka koma ajin, ka kira ta gaba, ka ce rannan ta yi tambaya mai kyau kai kuma fushi ya riga ka, yau ka zo da amsa. Girmanka ba zai zube ba. Yara sun fi manya saurin gane wanda ya isa ya ce ya yi kuskure.

Ga amsar, daga sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya. Wanda aka kama, dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa da kansa. Dole a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta isa sauraron maganar a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. An ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Saboda haka idan yayan nata ba irin wancan babban laifi ake tuhumarsa da shi ba, kuma ba alƙali ne ya ba da umarnin a ci gaba da riƙe shi ba, to an taka doka a kansa kwana bakwai cur. A bangon caji ofis da yawa an rubuta beli kyauta ne da manyan baƙaƙe, akuya kuwa ta riga ta tafi.

To wa ya yi ƙarya? Ka tambayi ajin haka: mutum ya sayi gona, aka rubuta takarda a gaban dagaci da shaidu, aka yi iyaka daga tsamiya zuwa bakin burtali. Damina ta zo, maƙwabci ya ci kunya biyu daga cikin gonar. Takardar ce ta yi ƙarya? Babu yaron ƙauye da zai ce e. Za su ce maƙwabcin ne ya yi zalunci, kuma da takardar za a je a tsayar da shi. Ka ƙara musu tambaya: da babu takardar fa? Nan za su yi shiru, kuma nan ne darasinka ya fara. Kundin tsarin mulki ba labarin abin da ke faruwa a Najeriya yake bayarwa ba. Takardar iyaka ce tsakanin talaka da mai iko. Yarinyar nan ta san an cuci yayanta tun kafin ta zo ajinka, abin da ba ta sani ba shi ne cutar tana da suna da lambar sashe, kuma sashe na 46 ya ce wanda aka taka masa irin wannan haƙƙi ya nufi Babbar Kotun jiharsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ka ba ɗiyar manomi.

Sai dai kada ka yi musu zaƙin baki, don akwai inda kundin da kansa ya bar ƙofa a buɗe, kuma in ba ka nuna musu ba wani yaron zai sake ƙure ka. Alkawuran da ke ciki iri biyu ne. Na Babi na Huɗu, daga sashe na 33 zuwa 46, su ne rai, mutunci, 'yancin walwala, adalci a gaban shari'a, addini, faɗin albarkacin baki, taro, zirga-zirga, mallakar dukiya. Waɗannan ana kai ƙara a kansu. Na Babi na Biyu kuwa, daga 13 zuwa 24, sun fi daɗin ji. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaronsu da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 18 ya yi maganar ilimi kyauta tun daga firamare har jami'a, sai ya maƙala wata 'yar jimla mai ma'anar "idan hali ya yi". Sannan tun a sashe na 6 an ɗaure hannun kotu a kan wannan babi. Yaro ya san bambancin bashin da za a kai mutum gaban alƙali a kansa, da alkawarin da uba ya yi na kayan sallah in an sayar da riɗi da daraja. Duk biyun alkawari ne, ɗaya ne kawai yake da sammaci. Shi na biyun a akwatin zaɓe ake bin sa, ko kuma majalisa ta mayar da shi doka mai haƙora, kamar yadda aka yi a 2004 da dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta wajabta shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Bencin da suke zaune a kai, in akwai bencin, daga wannan doka ya fito.

Yanzu ga yadda zan so ka shiga darasin, kuma ba ya buƙatar littafi. Kwali ɗaya da alƙalamin rubuta dokokin aji a kai sun isa.

Ka fara da monita. Ka tambaye su: wa ke rubuta sunan masu surutu? Monita. Wa ke cewa wane ya yi surutu wane bai yi ba? Monita. In Malam ba ya nan wa ke riƙe tsumagiya? Monita. To an taɓa ganin sunan abokin monita a takardar? Ka tsaya ka sha dariya. Maza kuma ka tuna musu da mai ƙwallo a filin bayan gari, wanda shi ne kyaftin, shi ne alƙalin wasa, in an ci su biyu ya rungume ƙwallonsa ya ce an tashi. Daga nan ka ce su raba aikin monita gida uku: mutum biyar su tsara dokokin aji, monita ya tabbatar ana bi, mutum uku daban su saurari wanda aka zarga kafin a ce ya yi laifi. Sai bayan sun yi wannan da hannunsu za ka gaya musu abin da suka yi yana da suna, kuma shi ne sashe na 4 da na 5 da na 6: majalisa, ɓangaren zartarwa, kotu. In ka fara da sunan, haddacewa za su yi. In ka fara da monita, sunan zai zo ya tarar da wurin zamansa a shirye.

Na taɓa yin haka a wani ƙauye can gabas da Wudil, ina da ƙuruciya kamarka. Yara suka zauna suka rubuta dokoki goma sha ɗaya a bayan wata tsohuwar kalanda: jerin masu shara, wanda zai ɗebo ruwa a randa, ba a ƙwace wa ƙarami wurin zama, irin waɗannan. Ta tara ta ce ba a aiken ɗalibi lokacin darasi, wanda ya saɓa ya share aji. Na sa hannu ban ko karanta da kyau ba, a zatona da manyan 'yan aji uku suke. Bayan sati biyu goro ya yanke mini, na zaro kuɗi na miƙa wa wani yaro na ce ya ruga bakin kasuwa. Ya kai ƙofa ke nan sai wata 'yar mitsitsiyar yarinya, wadda ba na jin na taɓa jin muryarta, ta ɗaga hannu. Ba ta ce uffan ba, kalandar kawai ta nuna da yatsa. Ajin ya yi tsit, har kukan tattabarun da ke cikin rufi ana ji. Ido sittin da wani abu a kaina. Wallahi na ji zuciya ta taso mini, irin wadda ta taso maka rannan. Na ce yaron ya dawo ya zauna. Da aka kaɗa ƙararrawar tashi na ce a miƙo mini tsintsiya. Hedimasta ya leƙo ta taga ya gan ni a sunkuye ƙura ta turnuƙe, ya girgiza kai ya wuce, kuma har na bar makarantar yana yi mini kallon wanda ya ɗan taɓu. Amma daga ranar ban ƙara buƙatar yin bayanin sashe na 1 ba, wanda ya ce kundin ya hau kan kowa, hukuma da mutum, kuma duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi gwargwadon karon. Saboda haka ina gargaɗinka tun yanzu, in ba ka shirya doka ta hau kanka ba, kada ka fara wannan wasa. Gara not ɗin firinsifal da yara su ga kwali a bango Malam yana tsallake shi.

Tunda lissafi ka karanta, ga inda za ka more. Ka ce ba a canja dokar aji sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Nawa ne biyu bisa uku na 75? Hamsin. Ka ƙara sharaɗi: cikin layukan benci shida, sai huɗu sun amince. Ka bar su su gwada soke dokar shara su ga wahalar tara mutum 50. Haka sashe na 9 yake: kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa mai kujeru 109, haka na Majalisar Wakilai mai 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. In Babi na Huɗu za a taɓa, abin ya haura zuwa kashi huɗu cikin biyar a majalisun tarayya. Kuma ana gyaran, ba tatsuniya ba ce. A 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Ɗan shekara 13 da ke gabanka, nan da shekara 12 ya isa ya nemi ɗaya daga kujeru 30 na majalisar da ke Dutse. Ka sa su yi wannan lissafin da kansu, kowa da shekarunsa.

Fasalin kundin kada ya ɗauke ka fiye da darasi ɗaya. Babi takwas ne, sashe 320, da jadawali bakwai a ƙarshe. Na farko ya faɗi mece ce Najeriya da yadda aka raba iko, na biyu manufofi, na uku wane ne ɗan ƙasa, na huɗu haƙƙoƙi, na biyar majalisa, na shida shugaban ƙasa da gwamnoni, na bakwai kotuna, na takwas Abuja da sauran tarkace. Yaran da suke haddace izu ba wannan ne zai gagare su ba. Abin da zai sa su miƙe zaune shi ne jadawali na farko, inda aka jera ƙananan hukumomi da sunayensu. Ka sauke kundin a wayarka, kyauta yake a intanet, ka buɗe wurin Jigawa ka zagaya da wayar layi-layi su ga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a rubuce cikin 27 ɗin jihar. Yaron da ya ga sunan garinsu a ciki ya daina ɗaukar littafin a matsayin kayan mutanen Abuja.

Rabon aiki tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kuwa, kasuwar Maigatari ta ishe ka allo. Yawancinsu sun taɓa bin iyayensu ranar Alhamis. Ka ce su rufe ido su shiga. Kuɗin da dillali yake ƙirgawa, na wa? Tarayya, ita kaɗai ke buga naira. Kwastan da jami'an shige da fice da ke bakin iyakar Nijar? Tarayya. Ɗan sanda, ko da ɗan garin ne? Tarayya. Rumfar kasuwa da tashar mota da mayanka da maƙabarta? Jadawali na huɗu ya damƙa su ga ƙaramar hukuma. Akwai kuma abubuwan da tarayya da jiha suke tarayya a kansu, kamar manyan makarantu, kuma a gyaran 2023 aka ba jihohi ƙarin hannu a wutar lantarki da jirgin ƙasa. Amfanin wannan a wurin ɗan ƙauye a fili yake: ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mutanenmu da yawa suna zagin shugaban ƙasa a kan kwatar da ta toshe a bakin kasuwa, ciyaman yana gefe yana shan iska. Wani yaro zai tambaye ka ina Sarki da hakimi da dagaci a cikin wannan tsari, don su ne hukumar da ya fi gani. Ka gaya masa gaskiya: kundin 1999 bai yanka musu aiki ba, dokokin jihohi ne suke tsara masarautu, alhali a Jamhuriya ta Farko akwai Majalisar Sarakuna a Kaduna da take zama kan dokokin Arewa. Ka bar su su yi gardama ko hakan ya yi daidai. Kai dai ka raba musu lokacin magana.

Sai maganar liman, kuma a nan ina ganin harshenka ne ya zame. "Ya fi kowace doka" a kunnen uba Musulmi ba ta da fassara biyu. Abin da sashe na 1 yake nufi shi ne dokokin da hukuma take kafawa: majalisar tarayya, majalisar jiha, kansiloli, babu wanda zai yi dokar da ta ƙetare wannan yarjejeniya. Kundin bai ce shi saukakke ba ne. Mutane suka rubuta shi, mutane suke gyara shi, abin da ake gyarawa da ƙuri'a kuwa ba ya gogayya da littafin Allah a zuciyar mumini. Kada ka jira a kira ka. Ka nemi malamin Arabiyya na makarantarku ya raka ka bayan la'asar, ka riƙe goronka, ka gaida liman ka zauna ƙasa, ka ce ka ji maganar da ta iso gare shi kuma ka zo ka gyara lafazi. Ka nemi a kira uban yaron in zai yiwu. Sai ka karanta musu sashe na 38 da Hausa, wanda ya ba kowa 'yancin addininsa, har ya ce ba a tilasta wa ɗalibi a makaranta karatun wani addini da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Wannan uba, da ya sani, kundin nan katanga ce a gare shi. Ka nuna musu sashe na 275 zuwa 279, inda aka tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga jihar da take so, da Girandi Kadi da sauran alƙalanta, tana duba aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara. Ka kuma faɗi sashe na 10, da ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na gwamnati, kada a ce ka ɓoye. Yadda waɗannan sassa za su zauna da juna tsohuwar muhawara ce, har wakilan Arewa da dama suka fice daga majalisar tsara kundi a 1978 a kan batun kotun Shari'a ta tarayya. Abin da ya gagari manyan ƙasa ba kai za ka yanke shi da 'yan shekara 13 ba.

Liman ya fi ka sanin cewa rubuta wa mai mulki iyaka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya sa an rubuta yarjejeniya tsakanin Muhajirai da Ansaru da Yahudawan Madina, kowa da haƙƙinsa da abin da ke kansa. A nan Kano, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa risala kan wajiban da ke kan sarki, yana ta nanata masa illar mai mulki ya ɓuya wa talakawansa. Ka ɗan taɓo waɗannan ka yi shiru, ka bar liman ya ɗora, fagensa ne. In Allah ya sa ya sake, ka roƙe shi ya zo aji wata rana ya yi wa yara minti goma kan cika alkawari da amana. Ka tuna masa cewa gwamna Musulmi ranar rantsuwa Alƙur'ani yake riƙewa ya yi alkawarin kare wannan kundi, saboda haka yaron da ya san abin da ke ciki ya san abin da aka rantse a kai.

Wani abu da yara masu kaifi za su kamo: kundin ya buɗe da "Mu mutanen Tarayyar Najeriya", alhali babu wanda ya tambayi iyayensu. Gwamnatin soja ta Janar Abdussalami Abubakar ce ta fitar da shi da dokar soja mai lamba 24, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu 1999, kuma akasarinsa daga na 1979 aka ɗauko. Lauyoyi da yawa sun daɗe suna sukar wannan. Ka faɗa musu haka ɗin. Ka kuma faɗa musu cewa da wannan takardar, duk da tabonta, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, washegari aka rantsar da mataimakinsa ba a harba ko bindiga ɗaya ba, a ƙasar da ta sha juyin mulki tun 1966. A 2015 kuma shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. Su auna duka biyun.

Firinsifal ɗinka kada ka yi jayayya da shi, yana da tasa gaskiyar. Jarrabawar fita aji uku da Turanci take zuwa, kuma za a tambayi ma'ana da shekaru: 1922, 1946, 1951, 1954 na zamanin Turawa, 1960 na 'yancin kai, 1963 na jamhuriya, 1979, 1999. Ka ba shi not ɗinsa a minti goman ƙarshe na kowane darasi, tsaf, da kalmomin Turancin da za su gani a takarda. Minti talatin na farko naka ne, ka yi su da Hausa. In wani ya ce Hausa ba harshen wannan darasi ba ce, sashe na 55 ya ambace ta da suna, tare da Ibo da Yarbanci, cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su in an yi tanadi. Yaron da ya gane abu da harshen uwarsa ba ya wahalar riƙe sunansa na Turanci, kuma sakamakon ajin ne zai kashe bakin firinsifal, ba hujjarka ba.

Abu biyu ka kiyaye. Kada sunan jam'iyya ko na ciyaman ko na wani mai riƙe da kujera yanzu ya fito daga bakinka a aji. Ɗan kansila yana zaune a layi na uku, magana kuwa zarar bunu ce, kai ma'aikacin gwamnati ne mai shekara biyu kacal a aiki. Misalanka su tsaya a monita da kasuwa da tarihin da ya riga ya huce. Na biyu, kada ka tura yara su je suna karanta wa ɗan sanda sashe na 35 a bakin shinge, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka koya musu cewa haƙƙi da ladabi ake nemansa kuma ta hannun manya, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta. Sashe na 24 ma ka karanta musu, mai lissafa abin da ke kan ɗan ƙasa: mutunta haƙƙin wasu, taimaka wa hukuma wajen zaman lafiya, biyan haraji. Takardar gona ta ɗaure maƙwabci, ta kuma ɗaure mai gonar.

Darasin kada ka mayar da shi. In ka ajiye, wanda zai ɗauka ba lallai ne ya rasa barci a kan akuyar mutane ba. Ranar da ajin zai zaɓi alƙalansa uku, ka koma bayan aji ka harɗe hannu, kada ka nuna kowa ko da da ido. Ina da zato a kan wadda za su fara ambata. In kwalin ya hau bango ka ɗauko mini hotonsa, ina son in ga doka ta nawa ce suka yi dominka.